Shaidun Mai Ƙaga Labari

 

Kwanakin baya wani saurayi daga cikin masu sha'awar talifi ya yi mini sallama bayan sallar La'asar, ɗauke da littattafan rubutu na 'yan makaranta guda uku waɗanda ya cika da rubutun hannunsa, ya ce labari ne ya ƙaga, yana so in duba masa kafin ya kai shi maɗaba'a. Na karɓa, na kwana biyu ina karantawa, kuma in faɗi gaskiya Allah ya yi wa yaron baiwa, domin ya iya ƙulla zance, ya san inda zai tsaya ya bar mai karatu da ƙishirwa. Amma da na iso babi na huɗu, inda hadari ya taso a tsakiyar damina, saurayi da budurwar labarin suka ruga suka fake a ƙarƙashin wani gawo mai duhuwar ganye har ruwa ya ɗauke ba su jiƙe ba, sai na ajiye littafin na yi ta dariya ni kaɗai. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san gawo itace ne mai saɓa wa 'yan'uwansa, domin lokacin da ruwa ya sauka kowane itace ya yi kore shar, shi sai ya kakkaɓe ganyensa ya tsaya tsirara, sai rani ya shigo sa'an nan ya tofo, kuma dalilin ke nan da manomi ke barinsa a tsakiyar gona, tunda ba ya tare wa gero rana. Wanda ya fake a gindin gawo da damina, da shi da wanda ya tsaya a fili duk ɗaya ne.

Da ya dawo na nuna masa wurin, sai ya sosa ƙeya ya ce, "To, Malam, ai labarin duka ƙagagge ne. Mene ne laifi in ganyen ma na ƙaga shi?"

Wannan tambaya tasa ita ce asalin sharhinmu na yau, kuma ba tambayar wauta ba ce. Jawabinta shi ne, tsakanin mai ƙaga labari da mai karatu akwai wani alkawari wanda ba a rubuta shi ba, amma kowa ya san sharaɗinsa. Mai karatu ya yarda a gaya masa aku ya zama waziri yana ba ɗan sarki labari dare bayan dare, kamar yadda Alhaji Abubakar Imam ya yi a Magana Jari Ce, ya kuma yarda a kai shi ƙasar aljanu a komo da shi, bisa sharaɗin cewa duk abin da ya sani da idonsa, na gona ko na kasuwa ko na ɗakin uwarsa, za a kawo masa shi yadda yake. Ran da ya kama marubuci da kuskure a ƙaramin abin da ya sani, ran nan zai fara shakkar babban abin da bai sani ba. Saboda haka kamar yadda alƙali ba ya yanke hukunci sai ya saurari shaidu adilai, haka ya kamata marubuci ya tanadi 'yan littattafai a gefen tabarmarsa waɗanda zai riƙa kira su ba da shaida duk sa'ad da zuciyarsa ta yi kokwanto.

Babban shaida a cikinsu shi ne ƙamus. Ita kanta kalmar tana da tarihi mai daɗin ji, domin asalinta sunan littafi guda ne, wato Alƙamusul Muhiɗ na Shaihu Fairuzabadi wanda ya rasu a shekara ta 817 bayan Hijira, kuma ma'anar sunan ita ce teku mai kewayewa. Saboda shaharar da littafin ya yi a hannun malamai, sai sunansa ya zama sunan kowane littafin lugga. Mu a Hausa tekunmu na farko mai zurfi shi ne ƙamus ɗin G. P. Bargery da aka buga a 1934, mai shafi fiye da 1,000 da kalmomi fiye da 30,000, wanda aka tara shi daga bakin mutanen garuruwa daban-daban, har yakan nuna maka wannan kalma ta Sakkwatawa ce, waccan ta Katsinawa ce. Bayansa R. C. Abraham ya fitar da nasa a 1949, sa'an nan Paul Newman da Roxana Ma Newman suka kawo Sabon Ƙamus na Hausa Zuwa Turanci a 1977. Duk waɗannan bayaninsu da Turanci ne. Wanda yake son a fassara masa Hausa da Hausa, to ya nemi Ƙamusun Hausa wanda Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar a 2006, kuma a ganina bai kamata a sami ɗakin marubucin Hausa da babu shi ba.

Yanzu wani zai ce, ni da aka haifa cikin Hausa, na sha ta a nono, me zan nema a ƙamus? Abin da zai nema shi ne sunan abu na haƙiƙa a madadin sunan da ya game komai. Ɗauki misalin marubucin da ke siffanta hawan salla. In ya ce ga dawakai masu kyau iri-iri sun jeru, bai nuna mana komai ba, amma in ya ce ga akawal baƙi ƙirin a gaba, kili na bin sa, ga wani danda yana ta rawa da mahayinsa, to mai karatu ya ji ƙarar kofato. Haka ruwan sama: akwai yayyafi, akwai mamako wanda yakan wuni yana zuba a hankali, akwai wanda ake cewa kamar da bakin ƙwarya. Haka tafiya: mai taƙama daban, mai rangaji daban, mai sanɗa daban, mai ɗingishi daban, kuma kowace ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi tana gaya maka halin mai tafiyar tun kafin ya buɗe baki. Da yawa daga cikinmu mun san kalmomin nan in mun ji su, amma ba sa zuwa bakin alƙalami lokacin da muke bukatarsu, musamman mu da zaman birni ya taƙaita mana lugga. Ƙamus shi ke tuna mana da dukiyar da muka gada muka manta inda muka binne ta. Game da itatuwa da ciyayi kuwa, akwai wani ɗan littafi na Likita J. M. Dalziel da aka buga tun 1916, wanda ya jera sunayen tsirran ƙasar Hausa da amfaninsu, kuma da saurayin nan nawa ya saba da irinsa, da ya san akwai tambayar da ake yi kafin a dasa itace a cikin labari.

Sai dai a yi hattara, domin ƙamus yana da fitinarsa. Akwai marubucin da in ya tsinci baƙuwar kalma sai ya ƙi barci sai ya cusa ta a bakin wani, ko da kuwa yarinya ce 'yar sakandare a Kano ya sa ta yi magana da luggar tsohon mafarauci na ƙauyen Gobir. Kalma sai ta dace da bakin mai faɗinta, da zamaninsa, da garinsa. Gishiri in ya yi yawa miya ta ɓaci.

Shaida na biyu shi ne littafin ƙa'idojin rubutu da nahawu, kuma nan ne mafi yawan littattafanmu na kasuwa suke tuntuɓe. An daɗe ana wahala a kan wannan al'amari, tun daga ƙa'idojin da Hanns Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya shimfiɗa a 1912, zuwa Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955, da taron Bamako na 1966, har zuwa taron Yamai na 1980 inda aka zauna don daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar. Bayan duk wannan ɗawainiya, abin takaici ne a buɗe littafi a ga an rubuta baki inda ake nufin baƙi, ko kasa inda ake nufin ƙasa, ko a ga an raba kalmar "yana" gida biyu, an haɗe abin da ya kamata a raba. Lanƙwasar nan da ke kan harafi ƙarama ce a ido, amma ita ke raba kafa da ƙafa. Littafin Farfesa Aliyu Muhammad Bunza a kan rubutun Hausa da yadda ake yin sa ya isa jagora a nan, wanda kuma yake son ya gane dalilin ƙa'ida, ya san abin da ya raba "sun tafi" da "suka tafi", da dalilin da ya sa mai ba da labari ke jera aukuwa da kalmar "suka", to ya duba nahawun Farfesa M. K. M. Galadanci na 1976, ko babban nahawun Paul Newman na shekara ta 2000. Malamanmu na zaure ba su taɓa raina wannan fanni ba, domin Shaihu Abdullahi ɗan Fodiyo da kansa, duk da nauyin jihadi da mulki da ke kansa, ya zauna ya wallafa Albaharul Muhiɗ a kan nahawu da Alhisnur Rasin a kan sarfu.

Daga nan sai taskokin maganar baka, wato karin magana da tatsuniya. Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, kuma ko da yake sunan Bature ne a bango, malamai ne suka rubuta abin da ke ciki da ajami. Haka R. S. Rattray ya buga nasa a 1913 daga rubutun wani Malam Shaihu a ƙasar da yanzu ake kira Gana, abin da ke nuna mana Hausar zango ma tana da rabo a wannan gado. Daga baya A. H. M. Kirk-Greene ya tara karin magana 500 a Hausa Ba Dabo Ba Ne a 1966, Yusufu Yunusa ya kawo Hausa a Dunƙule, marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni. Amfanin waɗannan ga marubuci ya wuce ya tsinci karin magana ya liƙa a ƙarshen babi. A cikinsu yake koyon yadda Bahaushe ke gina labari: yadda ake maimaita aukuwa har sai an kai wadda za ta saɓa, yadda gizo ke faɗa wa ramin da ya haƙa, yadda tsohuwa ke faɗin babbar magana cikin kalma biyar. Kada kuma wani ya ɗauka neman taimakon littafi gazawa ce. Abubakar Imam, bayan ya yi nasara da Ruwan Bagaja a gasar da Rupert East ya shirya a 1933, sai da aka tara masa littattafan hikayoyin Larabawa da na Turawa a Zariya, ya zauna da su wata da watanni, sa'an nan ya fito da Magana Jari Ce, kuma gwanintarsa ita ce duk abin da ya ɗauko sai da ya yi masa wanka ya sa masa rigar Hausa har ba ka gane baƙo ne. Farfesa Ibrahim Malumfashi ya bi sawun waɗannan tushe a littafinsa Adabin Abubakar Imam, ga mai son ya ga yadda gwani ke aro ba tare da ya zama ɓarawo ba.

Yanzu bari in ɗan daɗe a kan shaidan da na ga an fi sakaci da shi, alhali kuwa shi ya fi kusa da hannunmu, wato littafin fiƙihu. Jama'a, in kun lura, tun daga So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed a 1980, da Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, da In Da So Da Ƙauna na Malam Ado Ahmad Gidan Dabino, har zuwa gajerun labaran da mata ke aika wa gasar Hikayata ta BBC tun 2016, mafi yawan ƙagaggun labaranmu a kan aure suke tafiya, da saki, da kishi, da gado. Waɗannan kuwa al'amura ne da shari'a ta yi wa iyaka da lissafi, kuma masu karatunmu, maza da mata, sun zauna gaban malamai sun san iyakokin. Na taɓa karanta wani labari da aka riga aka buga, inda miji ya rasu, aka yi sadakar arba'in, kashegari aka ɗaura wa matar aure da ƙanensa, marubucin kuma bai nuna mana cewa ɓarna aka yi ba, domin shi kansa bai san ɓarna ce ba. Takaba wata huɗu ce da kwana goma, mai ciki kuwa iddarta haihuwa, wadda aka saka kuma tsarki uku take ƙirgawa a mazhabar Imamu Malik. Haka gado: matar mamaci tumuni take samu in ya bar ɗa, rubu'i in bai bari ba, kuma in su huɗu ne wannan kason guda za su raba. Dubi irin wutar labarin da ke kwance cikin wannan lissafi kaɗai, mata huɗu a kan tumuni ɗaya, ɗaya ta shekara talatin a gidan, ɗaya ko shekara ba ta cika ba, amma rabonsu daidai wa daida. Marubucin da ya buɗe Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantawa a kowane zaure kuma akwai fassararta da Hausa, zai tsira daga kunya, ya kuma sami ƙullin labari wanda ya fi wanda zai ƙirƙiro da ka. In mas'ala ta yi zurfi har ta kai ga Muhtasar na Shaihu Halil, to sai ya ɗauki takalminsa ya tafi wurin malami, domin wannan littafi ba a shigarsa ba ja-gora.

Haka al'amarin yake ga wanda ya kai labarinsa zamanin da ya wuce. Wanda ya sa aka biya sadaki da naira a labarin da ya auku a 1965 ya yi irin kuskuren mai gawo, domin sai a watan Janairu na 1973 naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule. Wanda ya sa fatake suka ji kukan jirgin ƙasa a Kano kafin zuwan Turawa a 1903 ya manta cewa sai a 1911 dogo ya iso. Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, da Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, da Tarihin Fulani na Waziri Junaidu suna tsare marubuci daga irin wannan. Ga zaman gida da sana'o'i da bukukuwa akwai Zaman Hausawa na Habib Alhassan da abokan aikinsa. Ga mai son ya leƙa bayan danga ya ji yadda mata ke rayuwa a ƙauyen Zazzau kafin zuwan Turawa da bayan zuwansu, babu kamar labarin Baba ta Karo, tsohuwar da ta zauna da Mary Smith tsakanin 1949 da 1950 ta ba ta tarihin rayuwarta, daga wasan ƙuruciya da ƙawance har aure-aurenta da harin masu kamun bayi.

Littattafan da ke koyar da sana'ar kanta, wato yadda ake tsara jigo da zubi da salo da taurari, na bar su a ƙarshe da gangan, domin amfaninsu yana zuwa ne bayan mutum ya riga ya ɓata takardu da yawa. Akwai Jagoran Nazarin Ƙagaggun Labarai na Farfesa Isa Mukhtar, akwai kuma Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya da ya fito a 1988, wanda ke nuna wa marubuci waɗanda suka riga shi bin hanyar. Mai jin Turanci zai amfana da laccocin da E. M. Forster ya gabatar a Jami'ar Kambirij ta Ingila a 1927, inda ya bambance jera aukuwa bi da bi da kuma ƙulla su da dalili, ya kuma bambance tauraron da hali ɗaya gare shi har ƙarshen littafi da wanda yakan ba ka mamaki amma ka yarda. Ibnu Haldun ya ambata a Muƙaddima cewa malamansa sun ƙidaya littattafai huɗu rak a matsayin ginshiƙan adabin Larabci, daga ciki akwai Adabul Katib na Ibnu Ƙutaiba da Albayan wat Tabyin na Jahiz. Darasin da ke nan shi ne kaɗan da aka lazimta ya fi tulin da ƙura ta rufe. Shawarata kuma ita ce kada a buɗe su lokacin da labari ke zubowa. A bar alƙalami ya yi gudunsa, duk inda aka yi shakka a sa alama a gefe, in an kai aya sai a kira shaidu ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai duk waɗannan littattafai, in muka bi asalinsu, daga bakin mutane aka ɗebo su, kuma bakin bai rufe ba. Marini na nan a Ƙofar Mata ta Kano yana jiƙa baba da toka a karofi, masaƙi na nan yana jefa ƙoshiya, ungozoma na nan, mahauci na nan, kowannensu da luggar da wani ƙamus bai kai gare ta ba. Don haka ya kamata kowane marubuci ya buɗe kundin kansa, ya riƙa rubuta abin da ya ji a mota da kasuwa da gidan biki, da sunan garin da ya ji shi.

Saurayin nan ya komo mini bayan mako biyu da babinsa na huɗu a gyare. Da ma na ba shi shawara ya mai da masoyan nasa gindin tsamiya, tunda ita ganyenta ba ya ƙarewa, sai na ga ya rubuta durumi. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Malam, na je gida na karanta wa kakata. Ta ce ruwan nan da almuru ya sauka, kuma babu 'yar mutunci a garinmu da za ta yarda ta tsaya gindin tsamiya da almuru, ko da ruwan zai tafi da ita, saboda tsoron mutanen ɓoye." Na duba littattafan da ke gefena duka, na ce masa ya bar durumin, kuma in ya sake zuwa gida ya gaishe mini da tsohuwar, ya tafi mata da goro.